Kukun Rundunar Taurari

Alƙalin gasar wasan yaƙin kan tebur ya ɗaga ɗan sojan roba kamar ya tsinci ƙuda a miya.

"Wa ya ba jarumin sararin samaniya ludayi? Babu wannan a dokokin wasa. Kwashe rundunarki."

'Yata ta dube ni. Wata shida tana shirin wannan tebur, ni kuwa na yi mata fentin sojojin. Aji uku na yi a boko, amma na iya karatun fuska: mutumin nan ya ƙi ajiye kukun mai ludayin.

Na zaro tsohon littafin labarin wasan, irin na farko masu wauta da daɗi, wanda a cikinsa kuku ke tare ƙofar jirgi da ludayi, dodanni na dukanta.

"Ranka ya daɗe, ba ni na ƙago shi ba."

Alƙalin ya shafa bangon littafin.

"Nawa ba shi da shafukan ƙarshe. Shekara talatin ban san ko ya tsira ba."

Ya mayar da kukun gaban runduna.

"Ci gaba da wasanki. Kai kuma Baba, ara min littafin, kuma don Allah kada ka gaya min ƙarshensa."