Ungozomar da ta Rasu a Hayin Kogi

Kai da kullum in an ce ka leƙa 'yan'uwa sai ka ce aiki ya riƙe ka, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani maɗinki, mutumin kirki, amma in ka ga ya sauka daga kan kekensa na ɗinki, to kiran salla aka yi. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce, kuma Allah bai halicce ta da zama ba. Ta raini nata 'ya'ya bakwai, ta haɗa da marayun ƙanwarta, ta aurar da kowa, ba a taɓa jin ta ce wash ba. In mace na naƙuda a ƙauyen bayan dutse, ga ta a kan jaki. In an haihu a dangin kakanta na hayin kogi, dangin da kowa ya manta ta inda aka haɗu da su, sai ta ƙulle daddawa da kuka ta hau motar kasuwa. Suna ba ya wuce ta, jinya ba ta wuce ta, in miji da mata sun ɓata ita ake aika wa. Shekarar da amai da gudawa ya faɗa wa wani ƙauye mutane suna ta gudu, ita shiga ta yi, ta yi wata guda tana tafasa ruwa tana wanke marasa lafiya. Har Makka ta je ta dawo, tana ba da labarin kamar maƙwabta ta leƙa. Ɗan nata yana ƙaunarta, amma yawon nan yana ci masa tuwo a ƙwarya. Yakan ce, "Inna, ki zauna mana ki ci arzikin 'ya'yanki. Wata rana a baƙon gari za ki faɗi, ba wanda ya san ke ko 'yar wace ce." Ita dai sai ta yi dariya ta jawo mayafinta.

Abin da yake tsoro kuwa sai da ya faru. Ta haura shekara tamanin, ana tsakiyar damina, ta haye kogi duba wata mai ciki, zazzaɓi ya kayar da ita, rai ya yi halinsa. Kogi ya cika ya batse, labari bai iso gida ba sai bayan kwana biyu. Ba mutuwar ce ta fi ƙona masa rai ba, don wannan riga ce a wuyan kowa. Abin da ya tsaya masa shi ne, wa ya wanke ta, wa ya sallace ta? Ga likkafanin da ta daɗe da tanada nan a ƙasan akwati, ba a ko taɓa shi ba. Gani yake mutum huɗu ko biyar ne suka yi sauri suka rufe baƙuwar tsohuwa kafin hadari ya sauko. Ya rufe shago ya kama hanya. Ya yi kuka a mota, ya yi a kwalekwale, bai ji kunyar kowa ba.

Yana sauka ya tarar da tabarmi tun daga gindin tsamiyar gaɓa har ƙofar masallaci, mutane danƙam, ya ɗauka mai gari ne ya rasu. Ya yi sallama ya raɓa gefe. Wani dattijo ya miƙo masa hannu ya ce, "Bawan Allah, ta'aziyya ka zo yi mana? Allah Ya ba da lada. Uwarmu ce ta tafi." Da dattijon ya faɗi sunanta, maɗinkin ya ce, "Baba, ai ni ne ɗanta." Dattijon ya dube shi ya ce, "Wanne daga ciki? Rabin waɗanda ke kan tabarmin nan a hannunta suka faɗo duniya."

Nan suka ba shi labari, wannan na karɓa daga bakin wannan. Matan da ta karɓi haihuwarsu su suka wanke ta, suna kuka suna yi mata addu'a. Gidaje suka yi ta gardama a kan wanda zai ba da likkafani, har sai da liman ya raba, ya ce tunda na mace ba ƙyalle ɗaya ba ne, kowane gida ya kawo guda. Ranar kasuwa ce, amma kasuwa ba ta ci ba. Manoma sun ajiye fartanya ana tsakiyar noma, mutanen ƙauyen nan da ta yi wa jinya sun keto laka a ƙafa, masallaci bai ɗauki jama'a ba sai filin idi aka fita. Makarar ma da kyar kowa ya samu ya sa kafaɗa. Maɗinkin da ya zo karɓar gaisuwa sai ga shi yana bin tabarma ɗaya bayan ɗaya, shi ne mai ba mutane haƙuri. Da aka kai shi kan kabarin ya ɗaga hannu, nauyin da ya ɗauko tun daga gida ya sauka, farin ciki ya cika masa zuciya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, ashe a gida kika rasu."

To ka ji. Shi yana kan keke yana lissafa danginsa da yatsu, ita kuwa ta taka ƙasa har gari guda ya zama ɗakinta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.