Gangunan da Ke Ramewa

Injiniya ya zura sanda cikin ganga, ya zaro, ya dubi inda mai ya tsaya. Yau ma ta rame.

Sana'arsa ke nan. A kwaso masa tsohon man suya daga otal-otal da gidajen abinci, baƙi wuluk, wanda ya sha wuta har ya gaji. Ya tace shi, ya ɗumama, ya haɗa da sinadari, ya bar shi ya kwanta. Dagwalon ya sauka ƙasa, na saman ya fito garau, masu manyan motoci da injin niƙa su zuba a madadin dizal. Filin da yake aikin na yayansa ne, a bayan shagonsa na kayan masarufi. Kyauta ya ba shi, ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne.

Ba asarar ce ta dami Injiniya ba. Ya san abin da ake yi da irin wannan man idan ya faɗa mugun hannu: a wanke masa launi, a kashe warinsa, a ɗura a jarka, mutane su saya su ci. Ga shi unguwar ta cika da ciwon ciki. Autarsa ma ta yi ta amai har idanunta suka zurma. Likita ya ce a lura da abin da take ci, matarsa kuwa ta rantse ko tsinke ba ta saye a kasuwa, komai nasu na gida ne.

Da farko ya zargi direban da ke kwaso man. Mutumin ya yi ta rantsuwa har da ƙwalla, amma Injiniya ya sallame shi. Ya canza kwaɗon ƙofa, ya rataye makulli ɗaya a shagon yayansa kamar kullum. Ganguna ba su daina ramewa ba.

Sai ya sake dabara. Ya nemo man maɗaci, wanda ɗigonsa kaɗan ke hana tukunya ciyuwa, ya zuba a kowace ganga, ya juya. Ba ya kisa, ba ya hana inji tashi, amma duk harshen da ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Washegari sandar ta nuna an ɗiba.

Ya shiga zagaya kasuwa yana kasa kunne. Ya tsaya wajen masu suya, ya leƙa gidajen abinci, yana jiran ya ji an kaure da hayaniya. Shiru kake ji. Har ya fara tunanin ɓarawon na kai kayan wani gari ne.

Da azahar ya koma gida a gajiye. Ya tarar da yayansa ya zo duba yarinyar, yana ta yi mata wasa. Aka kawo soyayyen dankali da ƙwai. Yaya ya ce alhamdulillahi, shi ya daɗe da barin suya, ya miƙe ya yi sallama.

Yarinyar ta kai loma ɗaya, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Baba, ɗaci."

Injiniya ya ɗauki yanka ɗaya ya ɗora a harshe. Ɗacin man maɗaci ne. A hankali ya tambayi matarsa inda ta samo man.

"A ina kuwa?" in ji ta. "Sabuwar jarka ce fil, ɗazu Yaya ya shigo mana da ita daga shago."