Bas Ɗin da Aka Sayar Sau Biyar

Jakar tana kan tebur, bakinta a buɗe, Makulli-Biyu kuwa ya kasa ɗauke ido daga kanta. Matar da ta kawo ta mai shagon magani ce a can ƙarshen titi. Farar bas ɗin da ke bakin ƙofa take so, kuma kuɗi hannu.

Matsalar ke nan. Makulli-Biyu dillalin motoci ne da ba ya son kuɗi hannu, don wanda ya biya lakadan ya tafi ke nan. Shi abin da ya fi so, ka ba da kafin alƙalami, ya miƙa maka makulli ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihun tebur. Ranar da ka makara da biyan wata, ko da kwana ɗaya ne, sai ka fito ka tarar da wurin motarka wayam, abin da ka biya kuma ya bi ruwa. Haka takardar ta ce, da ƙananan rubutu a shafin ƙarshe.

Sau huɗu ya sayar da farar bas ɗin nan cikin shekara tara. Manyan mutane sun zubar da hawaye a ofishin nan, shi ko gezau. Abin haushin ma, shi kansa haya yake a filin, kuma tsohon da ke da wurin sai ya yi sawu biyar kafin ya ga kuɗinsa.

"Hajiya, ranki ya daɗe, da ƙanwata ce ke, ba zan bari ki yi haka ba," in ji shi. "Ki zuba duk wannan a ƙarfen da ke tsatsa? Ki ba da kaɗan, ki riƙa biya wata-wata. Sauran ki juya shi."

"In juya shi a me, Yallaɓai?"

"Fili mana. Fili ba ya cin mai, ba ya zuwa wurin bakanike."

Ta zaro kafin alƙalami ta ajiye masa, sannan ta ja zik ɗin jakar. Ba ta nemi ragi ba, ba ta ce a buɗe mata inji ba. Ta sa hannu a takarda ba tare da ta juya shafin ƙarshe ba. Da ta shiga bas ɗin, ƙofar direban nan da ke ba kowa wahala, ta ɗan ɗaga ta sama ta ja, ta rufu lokaci ɗaya. Makulli-Biyu bai kula ba, hankalinsa na kan ƙirga kafin alƙalami. A ransa ya ba ta wata huɗu.

Ta ba shi kunya. Ta ɗauki direba yana jigilar ma'aikata safe da yamma, kuma kowane ɗaya ga wata da kanta take zuwa, ta biya, ta karɓi rasit, ta ɗan tsaya a tsakar filin tana kallon katanga kafin ta tafi. Wata huɗu, wata biyar, wata shida. Abin ya fara ci masa rai. Har ya daina yi mata tayin kujera.

Ranar ɗaya ga wata na bakwai ba ta zo ba.

Ya wuni yana duba agogo, yana leƙawa duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Da aka tashi aiki bai ga ƙeyarta ba, sai da ya yi 'yar rawa shi kaɗai a ofis, ƙaton banza.

Washegari da hantsi bai aika kowa ba, da kansa ya je. Bas ɗin na gaban shagon magani, an wanke ta fes, tankin a cike. Ya sa makullinsa ya tayar, ya ja ta yana fito har filinsa. A hanya ya riga ya zaɓi wanda zai sayar wa na shida.

Yana shiga, ya ji an ja ƙyauren ƙarfe a bayansa. Ya leƙa ta madubi: maigadin da bai sani ba yana datse sabon kwaɗo. Wani mutum mai baƙar kwat ya matso ya ce shi lauya ne, ya miƙa masa takarda ta taga.

An sayar da filin wata biyar da suka wuce. Kuɗin hayarsa na bana, jiya ne ranar ƙarshe, bai biya ba. Bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun farkon zamansa, haya ta ƙare, kuma duk abin da ke cikin filin yana hannun mai fili har sai an biya. Motoci goma sha huɗu, rabinsu na mutane ne da ya karɓo bai ba su ko sisi ba. In suka ji, kashinsa ya bushe.

Ya diro ya nufi ofis da gudu. Mai shagon magani na zaune a kujerarsa, aljihun tebur a buɗe, ta jera makullan mutane a gabanta tana karanta sunayen da ke jiki.

"Shawararka na bi," ta ce. "Na haɗa da abin da na tara, na sayi fili."

Ya durƙusa a kan siminti. "Hajiya, ki dubi Allah. Ina da iyali. Kwana ɗaya kawai ki ba ni. Me na yi miki?"

Ta dube shi, babu ko ɗigon tausayi a idonta, kuma ba ta ɓoye daɗin da take ji ba.

"Matsa hagu kaɗan," ta ce. "Yauwa, nan. Daidai nan babana ya durƙusa yana roƙonka kwana ɗaya, biya ɗaya tak ya rage masa a bas ɗin nan, ina tsaye a bayansa da kayan makaranta, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba."