Sunan da Mudlak Ya Kira

A bakin rijiya Mudlak ya tarar da Shaha tana shayar da raƙuman mahaifinta. Kwanansa tara a kan sirdi tun da shi da rundunarsu suka fasa titin jirgin ƙasan Turkawa, leɓunansa duk sun tsage.

Ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba. Ta ce, "An ce da kuka afka wa sojojin Turkawa, kowa sunan ƙanwarsa ya kira kamar yadda aka saba, kai ka kira nawa."

"Na ɗauka mutuwa zan yi."

"Ga ka kuwa da ranka." Ta juye guga a komi. "Ka san Baba ba zai ba da ni ga wanda ya yi shelar sunana a gaban maza ba."

"Suɓutar baki ce, Shaha."

Sai a lokacin ta dube shi. "Ko dai da gangan ka yi, so kake ka bi runduna har Sham, ba macen da za ta riƙe ka, kai ɗan Fulaih?"

Ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga shi kansa bai san gaskiyar ba, kuma ya gaji da yawa balle ya shirya ƙarya.

Ya ce, "Gobe za su tashi."

"To, matso da raƙuminka ya sha. Hanyar da nisa."