Wancan na Baya

Tun a gindin dutsen Malam Gidaɗo ya gindaya sharaɗi: duk ɗalibin da bai hau har inda ruwa ke zubowa daga ƙoli ba, ya ɗebo samfurin dutse da hannunsa, to ya faɗi, sai baɗi. Bai kalli kowa ba da ya faɗi haka, amma kowa ya kalli Mudassir.

Da sassafe motar kwaleji ta kwaso su daga Wudil, 'yan ajin ƙarshe masu karatun ma'adinai, waɗanda duk tudun da suka sani bai wuce gaɓar kogi ba. Mudassir kuwa ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa, ɗorin bai zauna daidai ba.

Hanyar ba hanya ba ce, tsagi ne a jikin dutse, ga tsakuwa mai zamewa, ga ƙaya. Kafin hantsi an bar Mudassir a baya yana jan ƙafa.

"Ku karɓe jakar wancan na baya, yana ɓata mana lokaci," in ji Malam.

Wancan. Haka yake ce masa tun shekarar farko. A aji in yana kiran sunaye ya zo kan nasa sai ya tsallake ya yi maki. Bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ya aika, ko da kuwa suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. An ce garinsu ɗaya, Lajawa, inda Mudassir ya tashi a hannun baffansa Isyaku. Ɗalibai suka yanke cewa tsohuwar rigimar gona ce.

Hidaya, shugabar aji, ta gaji da wannan wulaƙanci. Ta kunna wayarta a aljihu tana naɗar duk abin da ya fito daga bakin Malam. Ta rantse ranar Litinin sai shugaban sashe ya ji da kunnensa.

Abin naɗa kuwa bai yi ƙaranci ba. A wani hawa mai tsini Malam ya yi tsaki, ya ce sandar nan ta dame shi, ya wurgar da ita ƙasa, saura kaɗan ta doki Mudassir. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauka ya dogara, ko ɗaga kai bai yi ba. Can gaba Malam ya tsayar da kowa a rana, wai igiyar takalminsa ta kwance, ya yi ta ɗauri kamar mai ɗaure buhun gero. Sai da Mudassir ya iso yana haki, sannan ya miƙe.

"Ku gaya masa ba a hutu a nan."

Hidaya ta ji kamar ta jefe shi da dutse.

Bayan azahar suka fara jin rugugin ruwan, sanyinsa na dukan fuska. Duwatsun bakin wurin duk gansakuka ce. Mudassir ya rarrafa, ya sa guduma ya ɓalli samfurinsa. Yana miƙewa ƙafar ta ci amanarsa, ya tafi da baya wajen ramin da ruwan ke faɗawa.

Babu wanda ya ga lokacin da Malam ya bar inda yake. Sai dai aka gan shi rub da ciki, hannunsa damƙe da wuyan rigar Mudassir. Da aka taru aka jawo su, gwiwar Malam na jini. Ya juya baya, ya cusa hannuwansa a aljihu.

"Ku ce masa ya riƙa duba gabansa."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Hidaya ta zauna kusa da Mudassir, ta nuna masa wayar. "Ceto daban, cin mutunci daban. Komai yana nan, sai na kai shi."

"Goge shi, don Allah."

"Mutumin da ko sunanka ba ya iya kira?"

Mudassir ya dubi sandar da ke hannunsa, ya dubi Malam da ke can yana wanke gwiwa, ya sassauta murya.

"Ba zai kira ba, Hidaya. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari."