Igiyar Lambun Inna Sauda

Hamsatu 'yar ajinmu na durƙushe cikin taɓon damina tana kafa turaku da dutse, kakarta Inna Sauda na zaune kan turmi da baƙin tabaranta na Makka, sai ba da umarni take. Ku tsaya ku ji, wallahi yanzun nan muka gama waya da Hamsatun, ko mayafi ban cire ba!

Kun san dai ta ci jarrabawar tallafin karatu a Masar. To tun tana goye Inna ke riƙonta, su biyu rak a gidan nan na Ƙofar Ran mai lambu a baya. Ranar da sakamako ya fito, Baffa Mijinyawa, yayan babanta, ya tsaya a tsakar gida ya yanke magana.

"Dogon hutun nan zan sa ido. In na ga Inna na buƙatar mutum kusa da ita, sai dai Masar ta yi haƙuri."

Kashegari kuwa Inna ta tsiro da aiki. Wai waken damina za ta shuka, kuma sai an ja masa igiyar da zai hau. Daga ƙofar ɗakinta zuwa rijiya. Daga rijiya zuwa madafa, zuwa banɗaki, zuwa lambu, har bakin zaure. Duk inda igiya ta yi kwana, a yi mata ƙulli babba.

"Inna, wane irin wake ne zai bi hanyar banɗaki?"

"Irin nawa. Ja igiya, ƙawata, bakinki ya fi hannunki sauri."

Hamsatu ta gane. Tsohuwa ba ta so ta tafi, shi ya sa take tara aiki don Baffa ya gani. Mu muna ta yawon biki a Gwallaga, ita tana cire ciyawa, hannu duk kanta. In Inna ta ce za ta taya ta, har alayyafon take tugewa da ciyawar, sai Hamsatu ta sake dasawa. Ta duba sama ta ga jirgi, ta duba ƙasa ta ga igiya ta kewaye gidan kamar garken awaki.

Aiki bai ƙare ba sai ga yawo. Inna da ko gidan suna sai an roƙe ta, ita ce yau take cewa a tare mata Keke Napep. Suka bi ragowar ganuwa, suka ratsa kasuwar Wunti, suka je dam ɗin Gubi. Ko'ina hannunta na kan kafaɗar Hamsatu, ta damƙe kamar mai tsoron kar ta gudu.

"Faɗa min me kika gani."

"Ruwa ne, Inna. Ga shi nan a gabanki."

"Na ce ki faɗa da bakinki. In kin je can aka tambaye ki garinku, ruwa kawai za ki ce?"

Haka za ta tsaya tana lissafo kwalekwale da masunta da duwatsu, Inna na gyaɗa kai kamar malamar da ke karɓar hadda.

Na Yankari ne ya fi ban dariya. Baffa da kansa ya kwashe su a motarsa. Suna zaune kusa da ruwan ɗumin Wikki, gwaggon biri ya lallaɓo ya ɗauke ƙunshin masa a gefen cinyar Inna, ko motsi ba ta yi ba. Da aka yi ihu sai ta ce, "Ku bar shi, sadaka na ba shi." Sannan ta miƙe ta kama kafaɗar Hamsatu, ta taka tudun nan tiƙis-tiƙis, Baffa na baya yana haki.

Hamsatu dai ta riga ta sallama. Akwatin da ta haɗa ma ta tura shi ƙarƙashin gado don ta daina ganinsa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baffa ya shigo ya tarar da Inna a lambu ita kaɗai, ta riƙe igiya tana tsinkar yakuwa.

"Tsohuwar nan ta fi ni ƙarfi," in ji shi. "Hamsatu, ɗauko kayanki ki shirya."

Ihun murnar da Hamsatu ta yi har maƙwabta sun leƙo! Ranar tafiya Inna ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta shafa fuskarta da hannu biyu, goshi, hanci, haɓa, a hankali, har Hamsatu ta ji kunya. Aka fita, aka shiga mota, har sun kai bakin titi ta tuna ta bar cazarta a jikin soket. Ta diro da gudu ta faɗa gidan ba ko sallama.

Daga Alƙahira fa take ba ni labarin nan, tana dariya tana sharar hawaye! Ta ce tana shiga ta ga Inna a tsakar gida, tabarau a cire, rana tsaka, tana bin igiya da hannu tana laluben ƙulli, ta nufo ta kai tsaye har sai da suka yi karo. Inna ta shafa kafaɗarta, ta gane ta, ta jawo kunnenta: "Albarka dai na riga na sa, ba a mayar da ita. Wuce ki shiga mota, ƙawata, sai jirginku ya tashi zan gaya wa Baffanki ya kai ni a cire min yanar idon nan, don tun azumi rabona da ganin ko tafin hannuna."