Jan Usur Ɗin Baba

Wata Juma'a da la'asar aka shirya mana tseren yara a rairayin bakin tekun Abhur. An kakkafa tutoci goma, dole kowa ya zagaye kowacce. Baba ne alƙali, aikin sa kai, da jan usur rataye a wuya.

Ni na fara isowa. Ina cikin tsallen murna sai ya busa.

"Ka tsallake tuta ta bakwai, yarona."

"Baba, ai ba wanda ya gani!"

"Ni fa? Yalla, maza koma ka zagayo ta."

Na koma ina kuka, na zo na ƙarshe. Wallahi shi kaɗai ya tsaya yana tafa mini.

Yanzu usur ɗin yana wuyana. 'Yata ma, na lura, ba ta ƙaunar tuta ta bakwai.